Kifin Inna a Ledar Yaya

Shekarar da kamfanin da yayana yake aiki a Kano ya rufe, sauran ma'aikata sun koma garuruwansu da katifa da rediyo, wani ma har da mata. Namu ya dawo Gashuwa da leda. Ba ledar cefane ba, wasu manya-manyan naɗi ne masu ƙyalli, kowanne sai ƙarti biyu sun yi nishi kafin su sauke shi daga akori-kura. Ina tsaye a ƙofar gida na tambaye shi ko duk shekarun da ya yi a birni abin da ya samo ke nan. Ko kallona bai yi ba, yana ta yi wa 'yan dako faɗa kada su goga masa kaya a ƙasa.

Wannan a ƙarshen mulkin soja ne. Ni a lokacin ina gida, aurena na fari ya mutu, ina zawarci ina ɗan taɓa ɗinki, bakina kuwa da ransa. Mu biyu ne muka rayu cikin waɗanda Inna ta haifa. Babanmu ɗan Haɗeja ne, fatauci ya kawo shi, ya rasu tun muna ƙanana. Inna 'yar Bade ce, kifi ta buɗe ido ta gani, da kifi ta rene mu. Masunta suna kawo mata tarwaɗa daga Dagona da sauran ƙauyukan fadama, ta lanƙwasa kowace ta soke da tsinke, ta yi banda a bayan gida, ta jera a kwali. Kayan jikinmu duk warin hayaƙi suke yi, a makaranta ba sai an tambayi 'ya'yan wa ne mu ba.

Inna ba ta taɓa yafe wa Kano ba. Ɗa namiji ɗaya gare ta, Kano ta ɗauke, sai da salla ya zo ya kwana biyu ya koma, ita kuma ta yi mako tana tsakurar tuwo kamar mai ciwon haƙori. Da ya dawo da ledarsa, a gaban mutane ta karɓi jaje tana cewa Allah ya musanya da mafi alheri, amma da ta shiga madafi na ji tana waƙa da Badanci. Abu ɗaya take so a duniya, ya zauna. Shi kuwa tun ranar farko ya faɗa mana gaskiya. Wani abokin aikinsa ya samo masa gurbi a wani kamfanin leda a Legas, an ba shi zuwa faɗuwar damina ya yi shawara. In abin da ya zo da shi ya karɓu zai zauna, in bai karɓu ba zai tafi. Inna ta ji Legas ta ce ashe Kano mutuniyar kirki ce, ko banza daga Nguru akwai jirgin ƙasan da ke zuwa can, in ya ga dama ya tashi.

Yaya ya dawo da wata cuta da ba mu san shi da ita ba, wato karatun leda. Duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi sai ya sha. Zai yanko ɗan ƙyalle daga naɗin, ya ɗan gasa gefensa a kan fitila, ya sa farce ya ɓare, sai ga abin da kake gani ɗaya ya rabu uku. Ta waje garau take, a bayanta ake buga hoto don kada hannu ya goge shi. Ta tsakiya alminiyam ne, irin na tukunya, amma an murje shi har ɓawon albasa ya fi shi kauri, kuma shi ne ba ya barin iska ko haske ko wari su wuce. Ta ciki mai laushi ce, da ta ji zafi sai ta narke ta kama 'yar'uwarta, da ita ake liƙe baki. Aikinsa a kamfani shi ne haɗa su. Injin, in ji shi, ya fi gidanmu tsawo. Naɗi biyu suna warwara, ɗaya ya bi ta kan wani mulmulallen ƙarfe ya kwashi gam, ya shiga dogon tanderu gam ɗin ya tsane, sannan su haɗu tsakanin ƙarafa biyu masu zafi a matse su. Daga nan a sake bi da su a ƙara ta ukun, a kai ɗaki mai ɗumi a bar su kwanaki gam ya nuna. In ka yi gaggawa ta ɓare. In ka ja ɗaya fiye da ɗaya ta yamutse. In ƙuda ya shiga tsakani, ya samu gida ke nan har tashin duniya.

Na ji wannan karatu har na haddace ba da son raina ba. Mai shayin bakin titi ya roƙe shi don Allah ya riƙa zuwa bayan mutane sun gama sha. Wani tsohon Babarbare maƙwabcinmu ne kaɗai yake zama har ƙarshe yana gyaɗa kai, shi ma don kunnensa ya daɗe da mutuwa ne. Unguwa ta sa wa Yaya suna Injiniya, ya ɗauka yabo ne, har ya fara sa biro a aljihun gaba. Kowane karatu kuma da yadda yake rufe shi. Zai ɗaga ƙyallen sama ya ce shi da hannunsa ya haɗa wannan, kuma ledar da ya haɗa ba ta taɓa ɓarewa ba.

Abin da bai cika son a tambaya ba shi ne dalilin da ya sa kamfani ya bar masa naɗin. Na madarar gari ne, an buga hoton saniya a jiki, amma wajen bugun launukan ba su hau kan juna daidai ba. Saniyar ta fito da ido huɗu, da ƙafafu da ba sa ƙirguwa, ga wani koren haske a bayanta kamar an yi mata asiri. Masu madarar suka ce ba sa so. Yaya ya ce wannan laifin masu bugu ne, ba na masu haɗi ba, kuma kifi ba ruwansa da hoto.

Don kifi ya nufa da ledar. Kuma in faɗi gaskiya, ko da yake ba na son faɗa, hankalinsa ya yi aiki. Duk mai banda ya san abokan gabansa. Ƙwari suna shiga kwali su cinye kifi daga ciki, ka ɗaga tarwaɗa ka ji ta sakayau, sai fata da ƙaya. Wasu saboda haka suke fesa wa kifi fiya-fiya, maganin sauro, su aika wa bayin Allah su ci. Inna ba ta yi, don haka a kowane kaya tana asarar wani abu. Yaya ya ce in aka liƙe kifi a ledarsa, ƙwaro ba zai shiga ba, ba zai ma ji ƙanshin ba balle ya zo, kuma kifi zai yi watanni yana nan kamar yau aka sauke shi daga wuta.

Ya zo da ɗan injin liƙe baki mai aiki da lantarki. Wutar Gashuwa kuwa a lokacin baƙuwa ce, in ta zo yara har ihu suke yi, kafin ka nemo soket ta koma. Inji ya yi mako yana zaune kamar surukin da ba a ba shi ruwa ba. Ranar nan ina guga da dutsen gawayina, na ga Yaya ya tsaya yana kallona da wani irin ido. Ni dai tun daga ranar ban sake ganin dutsena a matsayin nawa ba. Ya koya mini in yanka ledar, in ninke, in ɗora tsumma a kan bakin, in danna gefen dutsen in ja a hankali. Ta liƙe tsaf. Na zama ma'aikaciyar kamfani ba tare da an nemi shawarata ba, kuma albashina shi ne ƙarin karatu.

Gwajin farko a kasuwar Gashuwa aka yi, ni ya sa na raka shi. Ya shimfiɗa tabarma a layin 'yan kifi, ya jera ledoji suna walƙiya a rana, shanu masu ido huɗu suna kallon jama'a. Mutane suka taru, don mutanenmu ba sa wuce abin kallo. Amma a garinmu da hanci ake sayen kifi. Mace za ta ɗauka, ta shinshina, ta juya, ta ɗan ɓalli gefen kai ta ɗanɗana, ta ce na jiya ya fi, sannan a fara ciniki. Yanzu ga abu a liƙe. Wata ta ɗauki leda ta kai hanci, ta juya ta sake kaiwa, ta miƙa wa ƙawarta ita ma ta shinshina. Suka ce ba komai a ciki. Yaya ya washe baki ya ce ai wannan shi ne aikin alminiyam, ya gyara tsayuwa zai fara karatu. Matar ta ce kifin da ba ya ƙanshi ko kyanwa ba ta san da shi ba, ta ajiye ta wuce. Wata Bafulatana mai nono ta tsaya ta daɗe tana kallon hoton, ta yi a'uziyya, ta ce ita dai a rugarsu in aka haifi irin wannan ba a barin ta ta kwana. Muka dawo da kayanmu cif, sai guda ɗaya da wani yaro ya saya don ya ɗauka madara ce, uwarsa kuma ta dawo da ita kafin la'asar.

Na yi dariya a hanya har cikina ya ƙulle. Da muka shiga gida na ga fuskar Inna, dariyar ta tsaya. Ba ta tambayi yadda aka yi ba, ta ga buhun. Washegari ta ɗaura zanen fita ta ce za ta Nguru wajen Madam.

Madam 'yar kudu ce, Kirista, ta zo Nguru tun kafin a haife ni, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari, har Barbarci tana ji. Ita ke sayen yawancin kifin Inna tana lodawa a babbar mota zuwa ƙasarsu. Tsakaninsu akwai abin da ba kowa ke samu ba. Kwalin kowa sai ta sa an zazzage ta duba ƙasa, don mutane suna jera manya a sama su ɓoye gutsattsari a gindi, amma kwalin Inna ba ta taɓa buɗewa ba. Inna ba ta taɓa roƙon ta komai ba, sai wannan karon. Ni na raka ta, muka sha kwazazzaban hanya ta Jajimaji, tana rungume da leda ɗaya a cinya.

Madam ta juya ledar, ta kalli saniyar, ta yi dariya har da hawaye. Amma ta ce a can wajensu akwai manyan kantuna da masu kuɗi ke shiga, su kuma sun fi son abu a liƙe yana ƙyalli, ba sa son wari a mota. Saniyar kuma za a iya manna takarda a rufe mata fuska. Inna ta gaya mata gaskiya, ta ce ɗanta take so ya zauna a gida.

Madam ta ce, "Mama, in kifinki ne, ko a cikin takalmi kika zuba zan ɗauka."

Aka yi magana a kan kaya mai yawa, kusan duk bandar da Inna za ta yi a wannan zafin. In ya karɓu, kowane wata za a riƙa yi. Inna ta dawo gida tana tafiya kamar budurwa.

Gidanmu ya koma masana'anta. Inna tana banda, ni ina yanka leda ina liƙe gefe uku in bar baki. Yaya kuma ya shiga wata sabuwar fitina. Kifin da Inna ta sauke ta ce ya yi, sai ya kwashe ya shanya a rana a kan kwanon rufi, ya ƙara kwana, ya sake ƙarawa, har tarwaɗa ta koma kamar busasshen kara, in ka matsa ta ce ƙaras. Inna tana kallo tana cije leɓe. Ta ce masa kifi in ya bushe haka ba ya kai Jajimaji sai ya zama gari. Ya ce ta bar masa, ya san abin da yake yi. Bai yi bayani ba. Mutumin da ya cika unguwa da bayanin gam da tanderu, a nan inda bayani ke da amfani sai ya ce a bar masa kawai. Ya yi nisa da gida, ya manta yadda ake shirya kifi a gidan da aka haife shi.

Ga yadda ake yi. Duk mai banda a garinmu, ranar da za a ɗaure kaya, da safe za ta jera kifi a tabarma, ta tsoma tsintsiya a ƙwarya ta yayyafa masa ruwa kaɗan, ta rufe da buhu ya ɗan yi laushi. Da haka ne ake iya danna shi a kwali bai karye ba, ya sha girgizar mota ya isa da kansa da wutsiyarsa. Kwali yana numfashi, kafin a yi nisa damshin ya fice. Inna ta ga uwarta tana yi, ita ma ta yi shekaru tana yi, kuma da wannan ne kifinta ya yi suna wajen Madam cewa ba ya zuwa a marmashe.

Ranar ɗaurin kaya Yaya ya yi sammako zuwa Nguru don ya tsayar da maganar mota, ya bar mana umarni mu zuba mu liƙe kamar yadda ya koya mana. Yana fita Inna ta ɗauko ƙwarya da tsintsiya. Ta ce wannan kaya na ɗanta ne, ba za ta bari a ce ya isa a karye ba. Har ta ɗan ƙara hannu fiye da kullum saboda ya bushe da yawa. Ina wurin, matan maƙwabta da suka zo taya mu suna wurin, babu wadda ta ga wani abu, don abin da ake yi ke nan. Kifi ya yi laushi ya yi kyau, yana shiga leda ba ko ƙara. Na danna dutse na liƙe su ɗaya bayan ɗaya, liƙin da ko Yaya da ya dawo da yamma ya duba ya ce ya yi. Ya matsa wata leda a kunne ya saurara ko iska na fita, ba ta fita. Mota ta ɗauka.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na gani a gidan nan. Inna ta fara leƙa gidajen da ke da 'yan mata da sunan gaisuwa. Yaya ya ga ɗakinta na ƙasa yana yoyo duk damina, sai ya sa aka yaye rufin, ya shimfiɗa ragowar ledarsa a kan azara, ya ɗora zana, aka mayar da ƙasa aka daɓe. Ta tsakanin azara shanun suna leƙo ɗakin. Inna ta ce ba komai, ta saba kwana da dabbobi.

Madam da kanta ta zo, da hantsi, ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ba ta saba zuwa Gashuwa ba, don haka matan unguwa suka biyo ta, tsohon Babarbaren nan ma ya leƙo daga soro. Ta gaida Inna da ladabi kamar kullum, ta zauna a tabarma, ta kwance wani buhu ta zazzage. Ledojinmu ne, amma sun kumbura sun yi tim kamar matashin kai, shanun sun ƙara ƙiba. Ta ce kafin mota ta isa wasu sun fara haka, waɗanda aka kai kanti kuma an dawo mata da su, har wani mai kanti ya ce kada ta sake taka masa ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ba faɗa ta zo yi ba, so take ta san abin da ya faru, don kifin Mama bai taɓa ba ta kunya ba.

Yaya ya ɗauki ɗaya ya sa reza. Abin da ya fito ba zan kwatanta shi ba, kaji ma sun bar tsakar gidan. Kifin ya yi fumfuna fari da kore, ya yi yauƙi. Yaya bai toshe hanci ba. Ya buɗe ledar sosai ya kalli cikinta, ni ma ina tsaye a kansa na gani. A jikin alminiyam ɗin ruwa ne ɗigo-ɗigo, kamar murfin tukunya. Ya shafa da yatsa. Ya ɗago ya dubi bakin rijiya, inda ƙwaryar Inna take a kife da tsintsiya a kanta, wurin da take tun muna yara. Na ga lokacin da ya tuna.

Inna tana zaune ta haɗa hannu biyu a cinya, ta tsufa a cikin minti ɗaya. Ta ce da ƙaramar murya, "Ko bandar ce ba ta yi ba?"

Na san yayana. Mutum ne da zai yi musu da liman a kan leda. Na jira karatu, na jira ya ɗaga ƙyalle ya ce abin da ba ya barin iska ta shiga ba zai bar damshi ya fita ba, ya tambayi wanda ya kai ruwa kusa da kifinsa. Gaskiyarsa ce kuma, a gaban Madam, a gaban unguwar da ta daɗe tana yi masa dariya.

Ya sa farce a gefen ledar ya yi ta ƙoƙari har ya samu ya ɗan ɓare ta, don da ƙyar ta yarda. Ya nuna wa Madam.

Ya ce, "Bandar Inna ba ta da laifi. Ledar ce. Gam ɗin bai nuna ba, iska ta shiga. Ni na haɗa ta, ni na yi gaggawa."

Wata daga cikin matan ta yi 'yar dariya ta rufe baki da mayafi. Kafin azahar magana ta gama unguwa cewa ledar Injiniya ta ɓare. Madam ta dube shi ta daɗe, ita ma ta kai shekaru tana harkar kifi. Ta juya ta ce wa Inna a koma kwali kamar da, kuma har gobe ba za ta buɗe kwalinta ba. Yadda aka raba asara tsakaninsu ba shi ne labarina ba.

Da yamma na same shi a soro yana ɗaure injinsa da igiya. Raina a ɓace yake, na tare ƙofa na ce masa ƙarya ya yi, ni na liƙe ledojin nan kuma na ga ruwan da idona. Na ce ya gaya wa Madam gaskiya a sake gwadawa ba tare da yayyafi ba, ai yanzu an san matsalar. Ya ce mai kanti ba ya karɓar abu sau biyu, kifin zafin nan kuma ya ƙare, damina ta zo. Ko da za a sake, sai an fara gaya wa Inna dalili.

Ya ce, "Ke, so kike ta san da hannunta ta tura ni Legas?"

Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, don da ya buɗe baki ranar da yake shanya kifi a kwano da duk wannan bai faru ba. Na faɗa masa haka. Ya ce ya sani.

Ya tafi bayan ruwan farko. Inna ta raka shi tasha, ba ta yi kuka a can ba, sai da muka dawo. Daga Legas ba a zuwa kowace salla. Ya yi aure can, ya haihu can, ya zama babba a wajen injin haɗa leda, muna ji. Inna ta koma kwalinta da ƙwaryarta. Duk wanda ya ambaci leda a gabanta sai ta tsine wa mutanen Kano da gam ɗinsu marar albarka da ya raba ta da ɗanta. Tana yi da Hausa, in abin ya ci ta ta juya Badanci. Ni kuwa in taya ta, har in ƙara nawa. Da wayar hannu ta zo garinmu, in ya kira sai ta tambaye shi ko gam ɗin Legas yana nuna, shi kuma ya ce yana nuna, Inna.

Na sake aure a nan cikin gari, don haka da ciwon ajalinta ya kwantar da ita ni nake jinya. Damina ce mai ƙarfi, kogi ya cika, ɗakunan ƙasa a unguwa suna ta zuba. Wata rana da la'asar ana tafka ruwa, ina zaune a gefen gadonta ina ba ta kunu, ɗakina na kwano can gidan mijina na san yana cike da kwanuka ana tarar yoyo. Ɗakin Inna ko ɗigo. Tana kwance tana kallon rufi, shanun nan suna leƙo ta tsakanin azara, launinsu bai ko dushe ba. Don in sa ta dariya na ce ga ledar banza can tana kallon mu.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce shekara nawa ke nan ruwa bai taɓa samun hanya ta cikin abin nan ba. Na ce haka ne. Ta ce tun daminar farko da ta kwanta a ƙarƙashinta ta ga ba ta yoyo, ta gane cewa ruwan da ke cikin kifin nan ba daga waje ya shiga ba.

Na ajiye kofin. Na tambaye ta, to tsinuwar da take yi wa mutanen Kano duk shekarun nan fa, har ina taya ta.

Ta ce, "Yaro ya zubar da mutuncinsa a gaban mata don ya ba ni abu. In mayar masa?"

Ta ja numfashi ta ce kada in gaya masa ta sani. Ta rasu kafin kaka. Yaya ya iso bayan an yi bakwai, ya shiga ɗakin ya zauna a bakin gadon shi kaɗai, na leƙa na ga ya ɗaga kai yana kallon rufin. Da ya fito ya ce mini ko ba komai ta tafi ba ta sani ba. Na ce masa haka ne, Yaya, na je na ɗora masa ruwan wanka.